Sai Miya Ta Ƙare Ake Sanin Maci Tuwo: Ra'ayina a Kan Sababbin Mujallun Jaruman Zane



Kwanakin baya wani maƙwabcina ya tare ni bayan la'asar, riƙe da wayar ɗansa. A fuskar wayar akwai zanen wani ƙato sanye da baƙaƙen kaya, kunnuwansa tsaye kamar wuƙaƙe, ya ɗaga gatari sama. Ya ce mini, "Malam, kai da aka ce ka san waɗannan abubuwa, wannan kuma wane dodo ne yaron nan yake kallo har tsakar dare?" Na ce masa Batman ne. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Batman ɗin da muka sani muna yara ba shi da gatari." Na ce gaskiyarka, kuma ba shi kaɗai aka sauya ba. Na yi masa alkawarin zan rubuta abin da na gani a waɗannan sababbin fitowa, domin tambayarsa ta iyaye da yawa ce, kuma amsarta ta fi ƙarfin tsayuwar bakin hanya.

Ni dai tun ina yaro nake karanta mujallun zane, waɗanda yara ke kira komik. A wurin masu baza tsofaffin littattafai a gefen titi kusa da kasuwar Kejetia muke samunsu, bango a yage, lamba ta 12 yau, ta 40 bayan wata uku, ragowar labarin mu cike shi da tunaninmu. Saboda haka abin da zan faɗa ra'ayin mai ƙauna ne, kuma mai ƙaunar da ya daɗe yana jin haushi.

Bari in fara da dalilin haushin. Manyan kamfanoni biyu ne ke riƙe da wannan sana'a a Amurka, wato DC da Marvel. Kowane jarumi yana da mujallarsa da ke fitowa sau ɗaya ko sau biyu a wata, ranar Laraba, labarin da ke ciki bai cika wuce shafi 20 ba, farashinta galibi tsakanin dala 4 zuwa 5. Superman ya fara fitowa a 1938, Batman a 1939, Wonder Woman a 1941, Spider-Man a 1962. Duk wannan tsawon zamani, ba wanda aka bari ya tsufa a cikinsu, domin jarumin da ya tsufa ba ya sayar da rigunan yara da finafinai. Mutuwa ma ba ta kama su. A ƙarshen 1992 aka kashe Superman a hannun dodon nan Doomsday, jaridu suka ɗauka, mutane suka yi layi a shaguna, amma kafin 1993 ta ƙare ya dawo da ransa. A 1988 an sa masu karatu su buga waya su zaɓi ko a kashe Jason Todd, yaron Batman, ko a bar shi. Masu cewa a kashe suka yi rinjaye da ƙuri'a 72 kacal, aka kashe shi, a 2005 kuma aka tashe shi. An harbe Captain America a 2007, ya dawo a 2009. Mai karatun da ya ga haka sau uku, ta huɗun ba zai zubar da hawaye ba. Labarin da asararsa ba ta tabbata, wasan yara ne da ƙasa: a gina, a rushe, a sake ginawa, magariba ta yi kowa ya koma gida.

To, a 2024 kamfanonin biyu suka buɗe sababbin jerin mujallu, kowanne a duniyarsa dabam da ta tsofaffin labarai. Marvel ta fara a watan Janairu da jerin da ta kira Ultimate, DC ta biyo baya a watan Oktoba da nata mai suna Absolute. Abin da ya ja hankalina shi ne, duka biyun dabara ɗaya suka bi: sun ƙwace wa jarumi abin da aka san shi da shi. An raba Batman da dukiya, an raba Wonder Woman da danginta, an raba Superman da iyayen riƙonsa, an raba Spider-Man da ƙuruciya. Hausawa sun ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. A ganina wannan ita ce ma'aunin da ya dace a auna waɗannan fitowa da ita: da aka ɗauke miyar, wane ne ya ci gaba da cin tuwonsa, wane ne kuma aka zuba masa wata miyar ta bayan fage?

In fara da mai gatarin. Absolute Batman, wanda Scott Snyder ke rubutawa, Nick Dragotta yana zanawa, shi ne ya fi kowanne tashe, har an sake buga lambarsa ta farko sau da dama saboda ƙarewa a shaguna. Tsohon Bruce Wayne magajin attajirai ne, an kashe uwarsa da ubansa a gabansa, ya tashi a ƙaton gida da bara mai kula da shi. Wannan sabon kuwa ɗan talakawa ne. Ubansa malamin makaranta ne da aka harbe a gidan namun daji, ranar da ya kai ɗalibansa yawon buɗe ido, bayan ya tura yaran cikin ɗakin jemagu ya rufe don ya tsare su. Uwarsa Martha tana raye. Shi kansa injiniya ne mai aikin gine-ginen birnin Gotham, ya san bututun ruwansa da wayoyin lantarkinsa saboda ya yi aiki a cikinsu da hannunsa. Alfred, wanda muka sani a matsayin bara mai kawo shayi, a nan ɗan leƙen asiri ne da aka turo birnin. Waɗanda muka sani a matsayin maƙiyansa, irin su Penguin da Riddler da Harvey Dent, a nan abokan ƙuruciyarsa ne 'yan unguwa ɗaya. Attajirin labarin kuwa shi ne Joker.

Wannan juyi na ƙarshe ya burge ni ƙwarai. Shekara sama da 80 muna kallon mai kuɗi yana dukan talakawan da suka ɓata, muna tafa masa. Yanzu kuɗin ya koma hannun mugu, mai gyaran kuma ba shi da komai sai ilimin aikinsa. Kasancewar uwarsa da rai ma ya sauya nauyin labarin baki ɗaya. Maraya da ba shi da kowa yana iya jefa kansa cikin wuta ba wanda zai tambaye shi. Mai uwa kuwa dole ya dawo gida da safe ya zauna gabanta da kumburarriyar fuska, ya san cewa duk abokin gabar da ya gano sunansa ya gano ƙofar gidanta.

Amma ina da ƙorafi, kuma babba ne. An ce mana ba shi da dukiya, sai ga shi a lamba ta biyu yana tuƙa wata tifa mai girman gidan bene. An ce talaka ne, amma jikinsa ya kai na mutum uku, kayan yaƙinsa kuwa ba su ƙarewa. Wato an ɗauke miyar kuɗi, an zuba ta ƙarfi. Talaucin da ba ya hana ka komai ado ne kawai. Na so in ga daren da wannan Batman zai fasa fita saboda gobe akwai aiki da asuba, ko ya rasa abin sayen maganin rauninsa. Sa'an nan zubar da jinin ya yi yawa. A lamba ta farko ma ya sare hannun wani ɗan daba da gatarin nan da ya ciro daga ƙirjinsa, kuma an zana abin yadda mai kallo zai ji daɗi, alhali kamata ya yi ya ji tsoro. Dragotta gwani ne, shafukansa suna gudu kamar ruwan kwazari, amma gwaninta ba ta wanke wannan. Hukuncina: mujalla ce mai ƙarfi, ta manya ce, ba ta ɗan shekara 10 ba.

Absolute Wonder Woman, rubutun Kelly Thompson da zanen Hayden Sherman, ita ce ban sa ran komai daga gare ta ba, ita ce kuma ta fi ba ni mamaki. A tsohon labari Diana 'yar sarauniya ce, ta tashi a tsibirin mata mayaƙa cikin gata da ƙauna. A nan an ƙwace ta tana jaririya, an kai ta duniyar matattu ta tatsuniyoyin Girkawa, an miƙa ta ga Circe, wata matsafiya da ke ɗaure a can, har an hana matar furta sunan dangin yarinyar. Circe ba ta nemi reno ba, da farko ma ta zuba ido ne namun wurin su cinye jaririyar. Sannu a hankali sai kogon da ba shi da komai ya fara zama gida. Sherman ya nuna wannan ta hanyar zana wuri ɗaya sau da yawa, kowane zane an ƙara wani abu, ga wuta, ga tukunya, ga shimfiɗa, yarinya tana girma, matar tana sassautowa. Ba a yi dogon bayani ba, ido ne ke karantawa. Duk wanda ya taɓa ganin matar da aka ajiye wa ɗan riƙo ba da sonta ba, daga baya ta zama ba ta iya barci sai ta ji numfashinsa, zai gane waɗannan shafuka.

Abin da ya ɗaga wannan mujalla sama da ta Batman shi ne, a cikinta komai yana da farashi. Lokacin da wani soja mai suna Steve Trevor ya faɗa can ƙasar matattu da ransa, Diana ba ta sami hanyar mayar da shi duniya ba sai da ta ba da hannunta na dama. Ko da yake tana maye gurbinsa da na tsafi, mai karatu ya ga abin da ta biya, kuma ba a ɓoye masa gurbin ba. Tana hawan ƙwarangwal ɗin doki mai fiffike, tana ɗauke da takobin da ya fi ta tsawo, amma abin da ya rage a zuciyata shi ne tausayinta, yadda take yi wa dodo magana kafin ta zare makami. An raba ta da aljannar tsibirinta, ta fito da halinta bai ragu ba. Wannan ita ce ta ci tuwonta babu miya. Sai dai in tunatar da iyaye cewa labarin cike yake da gumakan Girkawa da tsafe-tsafe. Ni ina karanta shi yadda nake sauraron tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, amma yaro yana bukatar babba ya gaya masa haka da bakinsa.

Sai Absolute Superman, na Jason Aaron da Rafa Sandoval, wanda ya fara a Nuwamban 2024. Wannan ya taɓa ni ta wani gefe da ban zata ba. Jerry Siegel da Joe Shuster, waɗanda suka ƙirƙiri Superman, 'ya'yan Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga gabashin Turai zuwa Arewacin Amurka, kuma jarumin nasu baƙo ne: an sako shi a jirgi yana jariri daga duniyar Krypton kafin ta tarwatse, wasu manoma mata da miji suka tsince shi suka rene shi a Kansas. Bai san garinsu ba sai a labari. A sabuwar mujallar kuwa ya girma a Krypton har ya yi wayo. Ya san muryar uwarsa, ya san gonarsu, ya san ƙasƙancin da aka yi wa iyayensa, domin a wannan Krypton ɗin mutane aji-aji ne, malaman kimiyya a sama, leburori a ƙasa, kuma alamar nan da ke ƙirjinsa tambarin leburori ce. Da ya iso duniyarmu, a mahaƙar ma'adinai ta ƙasar Burazil muka fara ganinsa, cikin ma'aikatan da wani kamfani mai suna Lazarus ke tatsa da bakin bindiga.

Mu mutanen zango mun san cewa baƙo iri biyu ne. Akwai kakanninmu da suka biyo hanyar goro daga Kano da Katsina da Sakkwato, suka sauka a Salaga, daga baya a Kumasi, suna ɗauke da garuruwansu a ka, suna iya lissafa maka ƙofofin ganuwa ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma mu da aka haifa a nan, waɗanda garin asali ya zame mana suna da ake faɗa ranar ɗaurin aure. Tsohon Superman irinmu ne, sabon kuwa irin kakanninmu ne, kuma kewar wanda ya gani da idonsa ta fi ta wanda aka ba labari zafi. Aaron ya fahimci wannan. Inda ya gaza shi ne a miyagunsa. Yawancin shugabannin kamfanin da sojojinsu mugunta ce zalla. Zaluncin da muka sani a duniya ba haka yake zuwa ba. Yakan zo da takarda da sa hannu da murmushi. Shafukan Krypton sun fi na duniyarmu kyau nesa ba kusa ba, har nakan ƙosa a koma can.

Yanzu ga wadda na fi so, kuma ba zan ɓoye ba: Ultimate Spider-Man, rubutun Jonathan Hickman da zanen Marco Checchetto. Kafin in faɗi dalili, sai na tuna muku wani tsohon ciwo. Peter Parker ya auri Mary Jane a 1987, masu karatu suka rayu da wannan aure shekara 20. A 2007 kamfanin ya ga cewa magidanci ba ya jan hankalin samari, sai aka rubuta labarin One More Day, inda Peter ya yi ciniki da wani shaiɗani mai suna Mephisto: a shafe aurensa daga tarihi, a ceci ran gwaggonsa May da aka harba. Jarumin da duk darasinsa shi ne ɗaukar nauyin abin da ka aikata, sai ga shi ya sayar da igiyar aurensa don gudun wata asara. Na daina sayen mujallarsa shekaru bayan wannan, kuma na san ba ni kaɗai ba ne.

A sabon jerin, wani mugun masani da ake kira Maker ya koma baya ya hana jarumai zama jarumai. Gizo-gizon da ya kamata ya ciji Peter yana ɗan makaranta, an kama shi kafin ya kai gare shi. Saboda haka Peter ya yi rayuwar kowa: ya kai shekara 35, ya auri Mary Jane, suna da ɗa Richard da 'ya May, yana aiki a gidan jarida. Kawunsa Ben, wanda mutuwarsa ce tushen tsohon labari, yana raye, gwaggo May ce ta rasu. Sai rana ɗaya saƙo ya iso masa daga Tony Stark, da gizo-gizon a cikin kwalba, ana ce masa ga rayuwar da aka sace maka, in kana so ka karɓa.

Ka duba bambancin, ya kai mai karatu. Yaro ɗan shekara 15 da gizo-gizo ya ciza bai zaɓi komai ba, ƙaddara ce ta faɗa masa. Magidanci mai 'ya'ya biyu da ya buɗe kwalba da hannunsa ya zaɓa, kuma duk abin da ya biyo baya yana wuyansa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hickman bai sauƙaƙa masa ba. A lamba ta biyu wani ƙaramin ɓarawo mai suna Shocker ya yaudare shi da daɗin baki ya lakaɗa masa duka har sau biyu, domin mutumin kirki ne da bai saba da ƙarya ba. 'Yarsa ƙarama ce ta fara gano sirrinsa, ta tsorata da baƙaƙen kayansa, daga nan aka koma ja da shuɗi. Lamba ta huɗu kusan dukanta cin abincin dare ne, Peter da matarsa da Harry Osborn da matarsa Gwen suna hira a kan tebur, kuma ban karanta wata fitowa a wannan shekara da ta riƙe ni kamarta ba. A gefe guda kuma ga Ben da abokinsa J. Jonah Jameson, dattawa biyu da suka ajiye aiki a jaridar da Wilson Fisk ya mallaka saboda sun ƙi a sa musu linzami, suka tafi kafa tasu da ɗan abin da ke hannunsu. Jarumtar waɗannan tsofaffi, da ba su da komai sai alƙalami da taurin kai, ba ta gaza ta mai rarrafe a bango ba.

Ina da abin zargi a nan ma, amma Peter nake zargi, ba marubucin ba, kuma wannan kansa yabo ne ga rubutun. Ya gaya wa matarsa cewa yana bukatar sauyi a rayuwarsa, ta ba shi goyon baya, amma bai buɗe mata irin sauyin ba sai bayan watanni, da ya dawo gida da fuska a farfashe. Ya kuma ɗora wa ƙaramar yarinya nauyin ɓoye wa uwarta sirri. Wannan kuskure ne na magidanci, irin wanda muke sasantawa a zaurukanmu, kuma mujallar da za ta sa dattijo ya yi gardama da jarumin zane kamar ƙaninsa ta yi aikinta.

Ba zan wuce ban taɓa Ultimate Black Panther ba, na Bryan Hill da Stefano Caselli, wanda ya fara a Fabrairun 2024, domin na san shi yaranmu za su fara nema. Abin takaici, shi ne mafi rauni a cikin biyar ɗin. T'Challa yana nan da sarautarsa da ƙasarsa Wakanda da arzikinta. An kashe ubansa a lamba ta farko, amma wannan ma tsohon labari ne. Ba a ɗauke masa wata miya ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda aka zana sauran Afirka. Wasu azzalumai biyu, Ra da Khonshu, suna mamaye nahiyar, amma ƙauyukan da suke ƙonawa ba su da harshe, ba su da kasuwa, ba su da tarihi, mutanensu taron jama'a ne kawai masu jiran mai ceto. Nahiya mai ƙasashe 54 ta zama labule a bayan sarki ɗaya na ƙage. Wanda yake son ganin yankinmu da fuska a irin wannan sana'a, gara ya nemi Malika na Roye Okupe, ɗan Nijeriya, wanda ya ɗauko hasken jarumarsa daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau.

Na san abin da mai hankali zai ce: Malam, an sake yaudararka. Waɗannan kamfanoni ne, Marvel tana hannun Disney tun 2009, DC tana ƙarƙashin Warner, kuma duk 'yan shekaru sukan share allo su ce an fara sabo, kamar yadda DC ta yi a 1985 da 2011 da 2016. Wannan magana tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Har yanzu ana buga lamba ɗaya da bango iri-iri don mai tarawa ya sayi abu ɗaya sau biyar. Wannan dabara ce ta sa X-Men lamba ta farko ta 1991 ta sayar da kwafi kusan miliyan 8, mutane suna ajiyewa suna jiran ta yi tsada, kasuwar ta fashe, Marvel ta shiga kotun fatara a Disamban 1996. Sana'a ce kuma da aka gina a kan cin haƙƙin masu ƙirƙira: dala 130 aka biya Siegel da Shuster a kan Superman, Bill Finger kuwa, wanda ya yi rabin aikin Batman, sai a 2015 aka fara sa sunansa, shekaru da dama bayan rasuwarsa. Tsofaffin jerin ma suna nan suna fitowa kusa da sababbin, Peter na can har yau ba shi da aure.

Amsata ita ce, niyyar ɗan kasuwa ba ta hana kayansa kyau, kamar yadda mai sayar da goro don riba yake sayarwa, amma goron na iya zama ɗan Allah. Abin da zai raba gaskiya da yaudara yana gaba, kuma ana iya auna shi. A jerin Ultimate kowace fitowa wata ɗaya ce a rayuwar mutanen labarin, yara suna girma, lokaci yana wucewa, kuma tun farko an kulle Maker a birninsa na tsawon wata 24, wato an tsayar da ranar buɗewar ƙofa. Idan aka bar labarin ya ƙare, aka bar wanda ya mutu a kabarinsa, aka bar Diana da gurbin hannunta, aka bar Martha ta tsufa a gaban ɗanta, to an yi abin da ba a saba yi ba a wannan sana'a. Idan kuwa ciniki ya yi daɗi aka ja labarin kamar ƙwaryar roba, aka fara tayar da matattu, zan dawo wannan shafi in ce an ci ni, ku yi mini dariya.

Ga maƙwabcina da sauran iyaye, shawarata gajera ce. Kada ku ƙwace wayar kafin ku duba abin da ke ciki, kada kuma ku miƙa ta ku juya baya. Ultimate Spider-Man ana iya karanta shi da yaro ɗan sakandare, har ma a tambaye shi ko Peter ya kyauta da ya ɓoye wa matarsa. Za ku ji amsar da za ta nuna muku inda tunaninsa ya kai. Wonder Woman da Superman na waɗanda suka fara mallakar hankalinsu ne, tare da bayani. Mai gatarin nan kuwa a jinkirta shi tukuna. Yaran da ke karanta waɗannan mujallu suna koyon Turanci, wasunsu suna koyon zane, kuma na ga wanda ya fara zana labarin unguwarsu a bayan littafin lissafi. Irin wannan yaro takarda da fensir yake bukata.

Jerina dai ga shi, daga sama zuwa ƙasa: Spider-Man, Wonder Woman, Superman, Batman, Black Panther. Na san matasan shafin nan za su ce na zalunci Batman. Ina sauraron hujjarku, amma wanda zai yi gardama ya fara gaya mini inda injiniyan birni ya sami kuɗin man tifar nan.